Ledar Alawa Biyu

Mai yiwuwa wasu abubuwan sun rikice mini, don ban wuce shekara takwas ba a lokacin. Ina jin dai bayan la'asar ne, a zauren gidanmu a Birniwa.

Baba ma'aikacin reluwe ne, shi ke ba jirgi hannu da fitila a tasha. Da aka daina ganin jirgi, sai ya zauna gida ya haɗa mini nawa da karan dawa, har da layin dogo na tsinken tsintsiya. Ran nan fitilar tasha yake sa masa. Ya cire ƙwan tocilarsa ya ɗaure a kan kara, ya ja siririyar waya zuwa batir. Ledar alawa biyu ce a gabansa, ja da koriya, yatsunsa duk ƙanshin minti.

Na ce, "Baba, sa koriyar mana jirgin ya wuce."

Ya naɗe ƙwan da jar, ya ce, "Ja tukuna, ɗan nan. Ran da na gaskiyar ya dawo, da hannunka za ka sauya."

Ya ninke koriyar ya ba ni ajiya.

Har ya rasu bai koma tasha ba. Ni kuma na gama jami'a, ina Haɗeja ina jiran aiki, ledar tana cikin takardun makarantata. Ta koɗe ta yi fari.

Duk wanda ya san zauren nan, don Allah ya gyara mini inda na yi kuskure, musamman launin ledar. Ni dai koriya nake tunawa, amma yanzu ba ni da shaida.