Tulun da Aka Raba da Zarto

Kai da kullum in an nuna maka kuskure sai ka ce "na ji, na ji", zauna in ba ka labarin wani masassaƙi. Shekara arba'in yana saran akushi da turmi da gizago, har kafaɗarsa ta dama ta ce ta gaji. In ya ɗaga gizago sau goma sai ya ajiye, ya dafe wurin yana cije baki. 'Ya'yansa suka ce ya huta, ai sun isa su ciyar da shi. Wannan magana ta fi ciwon kafaɗar yi masa zafi, don bai ga yadda zai zauna kan tabarma a ƙofar gida yana gaida masu wucewa ba. To, a garin akwai wani mai shago, sa'an ɗansa na fari, mai injin juya itace: a ɗaure guntun itace, inji ya riƙa juya shi da gudu, mutum ya kanga masa ƙarfe mai kaifi yana fere shi, ba sara, ba ɗaga hannu. Tsoho ya haɗiye girmansa ya je neman koyo. Mai shago ya karɓe shi da ladabi, amma bai ɓoye masa komai ba: inji biyu ne kawai, ga masu jira. Zai bar masa ɗaya zuwa ƙarshen damina. In hannunsa ya faɗa a kan ƙananan tulunan katako da shagon ke yi, wurin ya zama nasa, in kuwa bai faɗa ba sai ya tashi ya ba wani.

Bayan tulu bai ba shi wahala ba, cikin ne ya kunyata shi. Akushi bakinsa a wangame yake, idonka na kan aikinka. Tulu kuwa yatsa biyu ne ke shiga bakinsa, ta nan za ka zura ƙarfe mai lanƙwasasshen kai ka rarake cikin da ba ka gani. Na farko ya huda kafaɗar tulun. Na biyu ƙarfen ya cije, tulun ya ƙwace ya bugi kwanon rufi, kowa ya sunkuya. Kullum mai shago yana gaya masa cewa yana cin kafaɗa da yawa yana barin gindi, ya riƙa tsayar da inji yana zazzage garin katakon yana aunawa. Tsoho ya ce ya ji, amma a ransa cewa yake ranar da ya fara sassaƙa ko uwar wannan ba a aurar ba. A sati na shida wani tulun itacen maɗaci ya fito masa lafiya lau. Ya goge shi, ya shafe shi da man kaɗanya har yana ɗaukar ido, ya dire shi gaban mai shago yana jiran yabo. Mai shago ya jinjina shi a hannu, sannan ya miƙo zarto ya ce, "Baba, yi haƙuri, raba shi biyu." Ran tsoho ya ɓaci ƙwarai. Har ya ɗauki hularsa zai fita, sai ya tuna abin da ke jiransa a gida, ya dawo ya karɓi zarton. Da hannunsa ya raba abin da ya sha wahala a kai. Ga gindi nan kaurin tafin hannu, kafaɗa kuwa kamar ɓawon albasa, haske na ratsa ta, tsakaninsu duk kunyoyi ne sai ka ce gonar gyaɗa. Ya daɗe a tsugune yana bin wurin da yatsa: nan ya yi gaggawa, nan tsoro ya kama shi ya janye hannu. Kunya ta rufe shi, amma a bayanta wani daɗi ya biyo, don yau ne ya san inda ƙarfensa ke zuwa in ya shige duhu.

Daga ranar ba a sake ce masa ya tsayar da inji ba. Ya fere kaɗan, ya tsaya, ya zazzage, ya auna. Duk tulun da ya gama kuma sai ya raba shi da kansa ya duba, har 'yan shago suka fara raɗa cewa tsoho ya taɓu, yana yi yana ɓatawa. Tara ya raba, kowanne ya fi na bayansa. Ranar da aka fara yankan gero ya dire na goma gaban mai shago, ya ɗora zarto a kai. Mai shago ya jinjina shi, ya ji ba nauyi, ya ce wannan kam ba sai an raba ba, asara ce. Tsoho ya ce, "Raba, ɗana. Ni ma da baki ka gaya mini, ban yarda ba." Aka raba. Daga baki har gindi kauri ɗaya, cikin sumul kamar na sabuwar ƙwarya. Mai shago ya kira 'yan shagon duka su zo su kalla, ya ce daga yau wannan inji na Baba ne, duk wanda ya zo koyon rarake ciki kuma wurinsa za a tura shi. Tsoho ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin kafaɗarsa ta ƙi, ya ɗauki ɓari ɗaya ya nufi gida don 'ya'yansa su ga irin hutun da ya yi. Shi ya sa Hausawa ke cewa gani ya kori ji.