Maginin da Ya Toshe Kafar Ɗiban Wuta

Kai mai shirin gyara wa tsohuwarka wurin zama, ajiye igiyar awon nan tukuna ka ji wannan.

An yi wani magini da hannunsa ya yi suna a birni, har ya zamana in ya tsaya gaban ginin wani sai ya riƙe ƙugu, ya karkace kai, ya ce, "Wannan ai ba aiki ba ne." Ranar da ya je ƙauye gaida mahaifiyarsa, haka ya tsaya gaban ɗakinta na jar ƙasa ya faɗa. Ya rushe shi, ya tayar da na siminti: ƙofa mai matakala uku, daɓe mai santsi kamar bayan tarwaɗa, katanga doguwa, ga murhun gas da ba ya hayaƙi. To a tsohuwar katangar akwai wata kafa da ke ɓullewa gidan maƙwabta. Ta nan matan unguwa ke shigowa da sassafe ɗiban wuta a tsingaro, don tsohuwar ce ke riga kowa hura murhu. Ta ce masa, "Ɗan nan, rushe duk abin da ka ga dama, amma ka bar mini kafata." Ya ce, "Haba Inna, wa ke ɗiban wuta a zamanin ashana?" Ita ma ta riƙe ƙugu, ta karkace kai irin nasa, ta ce, "Zamanin ashana! To, Allah ya ba da sa'a, injiniya." Ya toshe, ya shafe, ya koma birni yana jin ya gama da uwa lafiya.

Abin da bai sani ba, kowace cikin matan nan da ashanarta a ɗaki. Wutar dalili ce kawai: a ga tsohuwa ta tashi lafiya, a tambayi gwiwa, a ajiye mata labarin unguwa da zafinsa. Da kafa ta toshe, zuwa wurinta ya koma sai an ɗauki mayafi, an zagaya ta titi, an buga ƙofar ƙarfe. Yau a je, gobe a ce sai jibi. Hayaƙin da ake hangowa a san ta farka, shi ma babu. Wata safiya santsi ya kwashe ta a bakin wurin wanka. Ta yi ta kira, katanga na dawo mata da muryarta, har rana ta take kafin wata mai tallan nono ta jiyo nishi. Allah ya taƙaita, targaɗe ne.

Magini ya iso, wannan karon bai riƙe ƙugu ba. Ya durƙusa ya ce, "Inna, nuna mini." Daga kan tabarma ta ɗaga sandarta. "Fasa nan. Matakalar can kwantar da ita, ni ba akuya ba ce. Daɓen nan a karce shi. Igiya jikin bango, daga gado har bayi. Dakali kuma a nan, inda hantsi ke sauka, mai cin mutum huɗu. A'a, biyar, mai kitson unguwarmu tana da jiki." Duk ya yi, ya kuma dasa mata duwatsun murhu uku da hannunsa. Washegari hayaƙi ya tashi, sai ga mata ta kafa ɗaya bayan ɗaya, kowace da tsingaronta, ɗaya ma kwalin ashana na ƙara a bakin zaninta. Tsohuwa ta dubi dakali cike, ta riƙe ƙugu, ta karkace kai, ta ce, "Yauwa. Wannan shi ne aiki."

Saboda haka kafin ka ɗora tubali, je ka durƙusa ka tambaya. Hausawa sun riga sun faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.