Akwatin Ɗakin Baba

Auta ya jingina tsani da bangon da ya yi baƙi ƙirin, ya girgiza shi sau biyu, sannan ya hau. Shekararsa arba'in da ɗaya, ga furfura a gemu, amma a gidan nan har gobe shi ne Auta, wanda ake aika sayo ashana.

Wata biyu ke nan da gobarar. Da rana tsaka ta tashi, Umma ta tafi dubiya asibiti, Baba yana barci. Wutar ba ta wuce ɗaki ɗaya ba, maƙwabta suka kashe ta da bokitai. Hayaƙi ne ya yi ɓarnar. Da aka ɓalle ƙofa, an tarar da tsohon a kwance, rai ya yi halinsa.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne, sati uku kafin nan Auta ya sake wa gidan wayoyi kaf.

Baba ma mai gyaran wuta ne, kuma abokan sana'a ba su san shi da wani suna ba sai Bahago. Shekara arba'in yana haɗa waya yadda ya koya: ya fere, ya murɗe da filaya, ya naɗe da tef. Haka ya koya wa ɗansa. Ɗan kuwa da ya girma sai ya koma wa mahaɗan zamani, 'yan robobin nan kamar ɗan yatsa. Wani ka tura waya ya cafke, wani ka ɗaga ɗan hannunsa ka zura, ka danne ya ce ƙas.

Ranar aikin Baba ya ɗauki ɗaya yana juyawa.

"Wannan alewar za ka cusa mini a silin?"

"Baba, sun fi murɗi riƙo. Ko fanka ta shekara tana girgiza su, ba sa saki."

"Kai tafi can. Wayar da hannu bai murɗa ba, ai gaisawa kawai ta yi da 'yar'uwarta."

Auta ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Bai faɗi abin da kowa ya sani ba, cewa hannun Baba da ake taƙama da shi yanzu ko kofin shayi ba ya kaiwa baki sai ya zubar da rabi. Da ya gama, Baba ya ce ya bar masa tsanin kwana biyu, yanar gizo-gizo ta yi yawa a ɗakin.

Tun ranar rasuwar Umma ba ta ƙara kallon Auta ba. In ya gaishe ta, bango take amsa wa. Duk wanda ya zo gaisuwa kuwa sai ta gaya masa magana guda: shekara arba'in mijinta yana wannan aiki, ko labule bai taɓa kamawa ba a gidan da ya sa wa hannu. Da wannan take kwana, da shi take tashi. Ba ta taɓa cewa Auta ne ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Yayarsa ce, wadda Umma ta koma gidanta, ta kasa jurewa.

"Gobe magina za su sauke silin," ta ce. "Ka je ka duba tun da sauran abin dubawa. In ɓera ne ya ci waya, ka kawo ta gani. Na gaji da ganinku haka, wallahi."

Shi ya sa yau yake kan tsani da tocila a baki. Ya fara da falo, ya buɗe akwatin haɗi: mahaɗansa suna nan, kowace waya ta shige har ƙarshe. Kicin haka, banɗaki haka. Ya ja su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, ko gezau. Zuciyarsa ta fara sanyi, har ya kama kansa yana shirya yadda zai faɗa wa Umma.

Saura ɗakin Baba, inda wutar ta fara. Akwatin ya narke ya manne da katako. Ya sa sukundireba ya ɓamɓare shi a hankali, ya hure toka, ya haska. Ya daɗe a tsaye a kan tsanin, har tocilar ta fara dusashewa. Daga nan ya ciro filaya ya datse abin da ya gani, ya sa a aljihu.

Da ya isa gidan Yaya ya tarar da Umma a kan tabarma, Yaya tana tsaye a bakin ƙofa tana neman amsa a fuskarsa. Ya durƙusa.

"Umma, na duba."

Karon farko cikin wata biyu ta juyo.

"Aikina ne. Haɗi ɗaya bai kama ba. Ki yafe mini."

Yaya ta dafe kai ta fashe da kuka. Umma ta dube shi tsawon lokaci, ta gyaɗa kai.

"Dama ya faɗa maka," ta ce, ta mayar da fuska bango.

Auta ya fito, ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya a kan wata gada, ya ciro abin da ke aljihunsa ya yi masa kallon ƙarshe. Babu mahaɗi a jiki ko guda. Wayoyi uku ne a murɗe da hannu, sakwa-sakwa, murɗin hannun da ya gaji, kuma ta hagu aka murɗa su.