Hujin da ke Kwanon Eufemia

Alƙalin wasa na busa fenariti, Doña Eufemia ta sauke tukunyar shinkafar kwakwa, ta sunkuci jikarta Yuleidis, ta tura ta ƙarƙashin dakalin wanki. Nan kaɗai ne siminti a gidan, sauran duk katako ne da kwano.

"Kaka, ina Baba?"

"Yana wurin aiki. Sunkuyar da kanki."

Mijinta Nicanor na zaune gaban rediyo, hannunsa na dama a sanƙare kan cinya. Mutanen unguwar nan tamu in murna ta kama su, mancewa suke yi cewa abin da aka harba sama sai ya sauko. Bara, da 'yan ƙwallonmu masu koriyar riga suka yi nasara, harsashi ya huda rufin ya shiga kafaɗarsa yana cikin shan kofi. Hujin kwanon na nan, an liƙe shi da kwalta.

Yau kuwa kofin gasa ne, saura minti ɗaya a tashi.

"Ya Ubangiji, ka sa ya zubar," in ji Eufemia. "Ka sa ta daki ƙarfe."

"Ke tsohuwa, ji tsoron Allah. Ke ce da wannan addu'ar? In maƙwabta suka ji fa?"

"Su ji mana. Kafaɗarka ɗaya ba ta ishe su ba?"

Mai sharhi ya ce Wilfrido ya ajiye ƙwallo. Ta san ƙafar hagun nan ba ta kuskure.

Ba ta kuwa kuskure ba.

Unguwa ta ɗauka gaba ɗaya. Babura, ganguna, tukwane, samari na watsa wa juna garin fulawa har fuskoki suka koma farare kamar na fatalwa. Ta leƙa ta tsagar katako. Sun wuce majami'a, sun wuce mashaya, ba su tsaya a ƙofar kowa ba. Gidanta suka nufo, kamar bara.

Ta danna sakata. Aka shiga dukan ƙofa ana kiran sunanta, katako na rawa. Sai harbi, ɗaya bayan ɗaya, dab da taga. Ta faɗa kan Yuleidis ta rufe ta da jikinta. Wani abu ya ce ƙwas a sama, zaren hasken rana ya sauko ta sabon huji, ya tsaya taku ɗaya daga dakalin.

Yarinyar ba ta motsa ba. Eufemia ta shiga lalubenta, kai, ƙirji, ciki, har sai da Yuleidis ta fashe da kuka. Ba jini.

Wayar da ke aljihunta ta yi ƙara. Ta ciro ta, ta danna. Muryar ɗanta Wilfrido ce, baban Yuleidis, yana haki, yana dariya.

"Mama, kin ji? Na ce wa jama'a su wuce gida su taya ki murna, don ke na ci ta."