Kwanon Uwani

Tun da aka yi dokar kowa ya ba da 'yar tsokar jikinsa a riƙa renon ƙwayoyin cuta a kanta don haɗa rigakafi, ni da matata Uwani kowa da kwanonsa na gilashi a ɗakin gwajin garinmu. Yau shekara uku da rasuwarta, amma tsokarta na nan da rai, har da ɗumi. Duk Juma'a nakan je in yi mata sallama, ma'aikata na ƙunshe dariya.

Yau Hajjo, mai kula da kwanonin, ta tare ni a ƙofa.

"Baba Tanimu, ranar Litinin za a zubar da na Inna Uwani. Cuta huɗu muka gwada, ko ɗaya ba ta kama ba."

"Nawa kwanon fa?"

"Naka kam, duk wadda aka kawo sai ta zauna ta hayayyafa."

Ban yi mamaki ba. Ko akuyar maƙwabta ban taɓa iya kora daga gidana ba.

"To, a juye tsokarta cikin tawa."

"Baba, tata za ta mamaye taka fa, ta cinye."

"Shekara ashirin da biyu haka muka zauna, 'yata, ban taɓa kai ƙara ba. Juye."