Namiji a Layin Mata

Shi kaɗai ne namiji a bencin asibitin. Mata dama, mata hagu, duk suna jiran a duba musu nono. Ya dubi ƙofar fita, ya dubi jakar matarsa. Makullin babur ɗinsa na ciki, ta kuwa rungume ta kamar jariri.

"Ba ni makullin in sha iska," ya raɗa mata.

"Iskar fanka ta ishe ka, Baban yara."

Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Wannan matar tasa fa ita ce wadda ya sha yi wa tsiya duk wata, in ta tsaya gaban madubi ta ɗaga hannu tana lalube ƙirjinta. "Me kika ajiye a ciki da kike nema?" haka yake cewa.

Wata tsohuwa ta leƙo fuskarsa. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Nawa mijin ko hanyar asibitin bai sani ba. Kai ga ka, ka rako taka."

Ya sunkuyar da kai.

Nas ta buɗe ƙofa. "Mai bi!"

Matarsa ta miƙe. Tsohuwa ta ce, "Allah ya sa ba komai, 'yata."

"Ni lafiyata ƙalau, Iya, rakiya na zo." Ta kamo hannunsa. "Tashi. Yatsun da kake wa dariya ne suka ji ƙullutun a ƙirjinka."

Tsohuwa ta dafe haɓa. "Har maza?"

"Har maza, Iya," in ji nas. "Shigo, malam, cire riga."