Kiɗan da Kawu ya wurga a tur'a

Ina ɗan shekara tara, wata la'asar ina zaune bakin tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin garin Suki, ina danna 'yar na'urar wasana mai kiɗi kamar kukan gyare. Kawu Sale ya fizge ta, ya ce, "Wanga kukan aljanu ba ya shiga gidanmu!" Ya wurga ta ruwa tana cikin kiɗi.

Bara, a wani baje kolin kiɗan wasannin bidiyo, na shiga ɗaki mai duhu, sai kiɗan nan ya taso ta kowace kusurwa. Na naɗe shi a wayata. Na saya wa Kawu waya, na sa masa shi ya zama ƙarar kira. Bai iya canzawa ba. Kullum sai na kira shi sau uku, dangi na ta yaba zumuncina.